Istanbul da Girgizar Ƙasar da Ake Jira

Da misalin ƙarfe uku na daren 17 ga Agustan 1999 ƙasa ta motsa a kusa da garin Izmit na Turkiyya. Ba a cika minti ɗaya ba dubban gine-gine suka rufta kan masu barci, mutum fiye da 17,000 suka rasu. Izmit na da nisan kusan kilomita 100 gabas da Istanbul, amma abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne unguwar Avcilar. Tana can yammacin birnin, ta fi yawancin unguwanni nisa da inda girgizar ta taso, duk da haka benayenta suka zube, ɗaruruwan mutane suka mutu, alhali unguwannin da suka fi ta kusa ba su ga irin wannan ɓarna ba. Dalili kuwa ƙasar da aka yi ginin a kanta ce. Ƙasa mai taushi tana ƙara wa jijjiga ƙarfi, tana kuma tsawaita ta, ba kamar dutse ba.

Tun daga wannan dare Istanbul ke zaman jira. Masana ba su taɓa ɓoye wa mutanen birnin abin da ke tafe ba.

Yankin Anatoliya, wanda yawancin Turkiyya ke zaune a kansa, yana matsawa yamma da kusan santimita biyu zuwa biyu da rabi a shekara, saboda yankin Larabawa na tura shi daga kudu. A arewa kuma yana gugar makeken falalen Turai da Asiya. Inda suke gugar juna akwai doguwar tsaga a cikin ƙasa, tsawonta ya haura kilomita 1,000, ita ake kira tsagar Arewacin Anatoliya. Duwatsun gefe biyu ba sa zamewa a hankali. Suna maƙalewa, ƙarfi na taruwa shekara da shekaru, sai rana ɗaya su kuɓuce, motsin shekaru ɗari biyu ya auku cikin daƙiƙu kaɗan.

Abin tsoro game da wannan tsaga shi ne yadda take ɓallewa bi da bi. A 1939 ta ɓalle a Erzincan, can gabas, ta kashe kusan mutum 33,000. Sai 1942, 1943, 1944, 1957 da 1967, kusan kowace tana yamma da wadda ta gabace ta, kamar ɗinkin riga da ke warwarewa daga gefe guda. Duk ɓangaren da ya saki nauyinsa sai ya ɗora shi kan na gaba. A 1997 masanin ƙasa ɗan Turkiyya Aykut Barka, tare da Ross Stein da James Dieterich na Amurka, suka wallafa binciken da ya nuna Izmit na cikin wuraren da nauyin ya taru. Shekara biyu bayan haka ta faru. Yanzu ɓangaren da ke gaba yana ƙarƙashin Tekun Marmara, kilomita 15 zuwa 20 kudu da Istanbul, kuma wani sashe nasa bai yi babban motsi ba tun 1766. A shekarar 2000 Tom Parsons da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa yiwuwar jijjiga mai tsanani ta afka wa birnin cikin shekara 30 ta kai kashi 62 cikin ɗari. Lissafin da suka biyo baya sun ɗan bambanta, amma ba wanda ya ce a kwanta a yi barci.

Birnin ya san girgizar ƙasa tun da. Ta 1509 ta yi munin da mutanen zamanin suka kira ta ƙaramar alƙiyama. Bambancin shi ne yawan jama'a. A 1950 mazauna Istanbul ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Yau sun doshi miliyan 16, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na tattalin arzikin Turkiyya a nan yake. Wannan kumbura ta auku ne cikin gaggawa. Mutanen karkara suka yi ta kwarara, suna kafa gidaje a filayen da ba nasu ba, daga baya 'yan siyasa su halatta musu, gidan ƙasa ya zama bene mai hawa biyar. Birnin na da gine-gine fiye da miliyan ɗaya, kuma kusan kashi biyu cikin uku an yi su ne kafin 2000.

Duk magini zai gane ciwon waɗannan gine-gine da kallo ɗaya. An kwaɓa siminti da yashin teku wanda ba a wanke ba, har da ɓawon katantanwa a ciki, gishirinsa na cin rodi da tsatsa. Rodin kansa sumul ne, ba shi da zanen da zai riƙe kankare. Zobban ƙarfen da ake ɗaure rodin ginshiƙi da su an yi musu tazara mai yawa don a rage kuɗi, alhali su ne ke hana ginshiƙi fashewa idan gini ya fara rangaji. Sai kuma babbar masifa, wato hawan ƙasa da aka mayar shaguna: an cire bango, wani lokaci har a sare ginshiƙi don a sami filin baje kaya. Idan jijjiga ta zo wannan hawan ne ke fara durƙushewa, sauran su biyo shi a jere. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya a unguwannin Laleli da Merter sun sha shiga irin waɗannan benaye. Wani ginin ma ba ya jiran girgiza: a Fabrairun 2019 bene mai hawa takwas ya rushe da kansa a gundumar Kartal, mutum 21 suka mutu, aka gano hawa uku na sama an ɗora su ne ba da izini ba.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. An kafa inshorar girgizar ƙasa ta dole a 2000, aka samar da hukumar kula da bala'o'i ta AFAD a 2009, aka sabunta dokar gini a 2007 da 2018. Aikin da ya fi kowane tasiri shi ne shirin ISMEP, wanda ya fara a 2006 da rancen dala miliyan 400 daga Bankin Duniya, wasu bankuna suka ƙara daga baya. Ta hanyarsa aka ƙarfafa ko aka sake gina gine-ginen gwamnati fiye da dubu, yawancinsu makarantu. Asibitin Basaksehir da aka buɗe a 2020 yana zaune kan na'urori fiye da 2,000 da ke raba gini da harsashinsa, ta yadda ƙasa za ta yi ta kai da komo a ƙarƙashi, ginin kuwa ya motsa kaɗan, likita ya ci gaba da aikinsa.

Amma makaranta da asibiti mai su ɗaya ne, kuma shi ke sa hannu a takarda. Inda gizo ke saƙar shi ne benen da iyali ashirin suka mallaka, kowa da sashensa.

Dokar da aka yi a 2012 ta ba da damar a rushe gini mai haɗari a sake shi. Yadda aka saba, masu gida kan miƙa filin ga ɗan kwangila, ya gina musu sabo kyauta, shi kuma ya ƙara hawa ya sayar ya ci ribarsa. Wannan ciniki yana tafiya ne kawai inda fili ke da tsada. Shi ya sa aka ga ana ta rushe benaye a kewayen titin Bagdat na masu hali, yayin da cunkusassun unguwannin talakawa, inda haɗarin ya fi yawa, ba ɗan kwangilar da ke leƙa su. A unguwar Fikirtepe mutane suka bar gidajensu aka rushe, wasu 'yan kwangila suka karye, aka bar su shekaru suna haya suna jiran ginin da bai tashi ba, sai da gwamnati ta karɓe aikin. Wanda ya ga haka ba zai yi saurin sa hannu ba.

Akwai ma waɗanda ba sa son a duba musu gini ko kyauta. Hukumar birnin ta sha aika injiniyoyi, a hana su shiga. Ba jahilci ba ne, lissafi ne. Idan aka tabbatar a hukumance gini na da haɗari, dole a fita cikin 'yan watanni. Tsohon da ke rayuwa da fansho ya san tallafin hayar da za a ba shi ba zai kama masa ɗaki a unguwarsu ba. Ɗan haya kuwa ya fi shi shiga uku, don shi ba abin da zai dawo ya tarar. Girgiza wata rana ce da ba a sani ba, kuɗin haya kuwa ƙarshen wata ne.

A nan ne, a ganina, laifin hukuma ya fi fitowa fili, domin da hannu ɗaya tana tsaurara doka, da ɗayan tana yafe wa masu karya ta. Turkiyya ta sha yin afuwar gini, ta baya-bayan nan a 2018, gab da zaɓe. Mai ginin da ba shi da izini ya biya kuɗi, a ba shi takarda, ba tare da injiniya ya taɓa ginshiƙinsa ba. Dokar ta ɗora alhakin ƙarfin ginin a wuyan mai shi. Miliyoyi suka nema. Da girgizar 6 ga Fabrairun 2023 ta afka wa kudancin ƙasar, ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya kaɗai, sai aka ga cewa ɗimbin gine-ginen yankin sun ci moriyar afuwar, aka kuma ga sababbin benaye da aka tallata da sunan masu jure girgiza sun kife. A garin Erzin na lardin Hatay kuwa ba ginin da ya rufta. Magajin garin ya ce ya ƙi yarda da gini ba bisa ƙa'ida ba, masana suka ƙara da cewa ƙasar wurin mai ƙarfi ce kuma benayen gajeru ne. Duka bayanan biyu magana ce ta tsarin gari: a ina aka gina, hawa nawa, wa ya duba.

Hatta filin tsira bai tsira ba. Bayan 1999 an ware ɗaruruwan filaye inda jama'a za su taru a kafa tantuna. Ƙungiyoyin injiniyoyi sun daɗe suna kokawa cewa da yawa daga cikinsu sun zama manyan kantuna da rukunin gidaje. Na'urorin gargaɗi kuma, da yake tsagar na bakin ƙofa, daƙiƙu kaɗan za su bayar. Sun isa a rufe bututun iskar gas ko a tsayar da jirgin ƙasa, ba su isa mutum ya sauko daga hawa na biyar ba.

Ranar 23 ga Afrilun 2025 girgiza mai maki 6.2 ta taso daga Tekun Marmara, daura da gundumar Silivri. Ba ta rushe unguwanni ba, amma mutane fiye da ɗari suka ji rauni, akasari wajen tsalle daga bene saboda firgita, layukan waya suka cushe, dubbai suka kwana a lambuna da cikin motoci. A lokacin magajin birnin, Ekrem Imamoglu na jam'iyyar adawa, yana tsare a kurkuku tun watan Maris na shekarar, a birnin da aikin kare shi ke buƙatar gwamnatin tsakiya da hukumar gari su zauna a tebur ɗaya. Babbar girgizar da ake jira kuwa, idan ta kai maki 7.2, za ta ninka ƙarfin ta Afrilun kusan sau talatin.

Tun 2023 gwamnati ta sauya doka: maimakon kashi biyu cikin uku na masu gini, yanzu rinjaye kaɗan ya isa a yanke shawarar sake shi, ta kuma fito da shirin ɗaukar wani kaso na kuɗin ginin. Wannan zai hanzarta rushe-rushe. Zai kuma sa mai sashe ɗaya da ba shi da kuɗin cika nasa kason ya iya rasa gidan da ya shekara talatin yana ciki, maƙwabtansa ne suka kaɗa masa ƙuri'a.