Cincin, dublan da naman Sallah: yadda za a yi girki a gidan da ke da mai ciwon sukari ko hawan jini

A Kajiji da sauran garuruwan ƙasar Shagari da Boɗinga, tun ana saura kwana uku Sallah ake jin ƙamshin suya daga gida zuwa gida. Mata na murza cincin, ana naɗa dublan, ana tsoma alkaki, masu tanda kuma na gasa gireba da kek. Ranar Idi a zuba waina da tuwon shinkafa a kwanuka, yara su yi ta kai wa dangi da maƙwabta.

Mu kuma a asibiti, makon da ke biyo bayan Sallah mun san shi. Lokacin ne ake kawo mana dattijon da sukarinsa ya haura, ko uwar da jininta ya hau har kanta na sarawa. Idan muka bincika, sau da yawa ba ganganci ba ne. Mutum ne ya ji kunyar mayar da kwanon da 'yarsa ko surukarsa ta aiko masa. Don haka wannan bayani ya fi shafar masu girki: da ɗan gyara a madafa, majinyaci zai ci Sallah tare da kowa.

Me ke cikin kayan zaƙin Sallah?

Cincin, dublan, gireba da kek duk tushensu ɗaya: farar fulawa, sukari da mai. An cire wa farar fulawa dusa, shi ya sa take saurin narkewa ta koma sukari a cikin jini. Dublan da alkaki sun fi sauran haɗari, domin bayan suya ana sake tsoma su a ruwan sukari ko zuma. Nakiya ma shinkafa ce da zaƙi da man shanu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga babban mutum, wannan kusan giram 50 ke nan, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin hakan ya fi. Lemon kwalba guda ɗaya kaɗai yana ɗauke da kusan cokali 9. Wannan ma'auni na mai lafiya ne. Mai ciwon sukari ya kamata ya yi ƙasa da haka sosai.

Wasu kan maye gurbin sukari da zuma ko mazarƙwaila, su ɗauka an tsira. Zuma abinci ce mai daraja, amma tana ɗaga sukarin jini kamar yadda sukari ke yi. Haka ma dabino idan an ci da yawa.

Gyaran da za a yi wa kayan fulawa

Rage sukari. A yawancin kwaɓin cincin da kek, ana iya cire kashi ɗaya cikin uku na sukarin ba tare da abin ya lalace ba. A ƙara citta, kanumfari ko gyaɗar ƙamshi su cike gurbin ɗanɗano.

Haɗa gari. A sa rabi farar fulawa, rabi garin alkama da aka niƙa da dusarsa. Cincin ɗin zai ɗan yi duhu, amma ya fi riƙe ciki kuma ba ya saurin ɗaga sukari.

Gasa maimakon soyawa. Cincin na gasuwa da kyau. Wadda ba ta da tandar zamani sai ta zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora faranti a kai, ta rufe, ta sa wuta kaɗan-kaɗan.

Ware kason majinyaci. Kafin a tsoma dublan a ruwan sukari, a ɗebe nasa a gefe. A yanka komai ƙanana.

Kula da man suya. Man da ya yi baƙi, yake kumfa, ko yake hayaƙi da zarar ya ɗau zafi, ya gama aiki. Kada a juye shi cikin miya.

Ko da an yi duk wannan, kayan fulawa na ɗanɗano ne. Mai ciwon sukari ya ci ɗan kaɗan bayan ya ci abinci, ba da yunwa ba, kuma ya rage tuwo ko wainar wannan lokacin.

Gishiri, magi da kanwa

Ga mai hawan jini, matsalar tana cikin tukunyar miya da suyar nama. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa da hodar tashin kek su ma suna ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ke sa gishiri ya ɗaga jini. Yajin da ake barbaɗa wa nama kuwa galibi an riga an daka shi da magi da gishiri.

A rage magi zuwa rabi, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da masoro. A daka wa majinyaci yajinsa daban, ba gishiri. Harshe kan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni, shi ya sa ya fi kyau a fara tun kafin Sallah.

Naman layya

Nama ba ya ɗaga sukari kai tsaye, amma kitse da gishirin da ke tare da shi suna wahalar da zuciya da jijiyoyin jini. A zaɓa wa majinyaci tsoka, a yanke kitsen, a dafa ko a gasa. Abin da ya kai faɗin tafin hannunsa ya ishe shi a zama ɗaya. Man kitsen da ake narkarwa a adana don miya bai dace da shi ba. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa yawan naman da zai ci.

A zafi irin na Sakkwato, dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba. Wanda ya kwana a tafasa shi sosai kafin a ci. Gudawa da amai sun fi haɗari ga mai ciwon sukari, domin ruwan jikinsa na saurin ƙarewa.

Yadda za a tsara kwano

A raba kwano gida huɗu. Biyu na ganye: kwaɗon zogale ko rama da ɗan ƙuli-ƙuli, kabeji, ko miyar ganye mai kauri. Ɗaya na nama, kifi, ƙwai ko wake. Ɗaya na tuwo, waina ko shinkafa, daidai dunƙulen hannun mai ci. Ga misali na yini guda:

Safe, kafin tafiya Idin ƙaramar Sallah: alale ko ƙosai kaɗan, da shayi ba sukari.
Rana: waina ƙanana biyu ko uku da miyar taushe mai yawan alayyafo, da tsokar nama.
Yamma: ƙaramin kofin fura, wato hura a bakinmu na nan, da nono ya fi yawa, ba sukari.
Dare: tuwon dawa ko gero kaɗan da miyar kuka ko kuɓewa.
Abin sha: ruwa, ko zoɓo da aka ƙamsasa da citta da kanumfari ba tare da sukari ba.

Wannan tsari ya dace da kowa a gida, har yara. Idan tukunya ɗaya ake ci, majinyaci ba zai ji an ware shi ba. Idan kwanuka sun taru daga dangi, a karɓa da godiya, a ɗanɗana, a raba sauran.

Magani da gwaji

Kada a daina shan magani saboda hidimar Sallah. Wanda aka sauya wa lokutan magani saboda azumi ya tuntuɓi likita kan yadda zai koma tsarinsa na da. Kada a ninka ƙwaya don an ci zaƙi. Masu allurar insulin ko masu shan glibenclamide kada su tsallake abinci. A babbar Sallah, idan za a jinkirta karyawa har a sauko Idi, su nemi shawarar likita tukuna.

Idan majinyaci ya fara rawar jiki, gumi da jiri, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, sukarinsa ya faɗi. A jiƙa babban cokali ɗaya na sukari a ruwa a ba shi, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari tare da amai ko magagi. Suma ko ruɗewa. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani. Karkacewar baki, shanyewar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana.

Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira a gama shagali. A je asibiti mafi kusa nan take, tare da duk magungunan da majinyacin ke sha. Idan da buƙata, daga can za a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru da ke Sakkwato.

Allah ya maimaita mana, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.