Idan injin ban ruwa ya ƙi tashi

Manoman rani na kwarin Tarka sun san baƙin cikin ranar da injin ban ruwa ya ƙi tashi. Kwana biyu babu ruwa, dashen albasa ya fara yaushi. Amma sau da yawa ciwon ƙarami ne, ba sai an ɗora inji bisa amalanke zuwa Belbeji ba.

Inji mai shan fetur ba ya tashi sai da tartsatsin wuta. Buji, wato fulogi, shi ke ba da wutar. Ga yadda za ka bincika:

1. Duba fetur da baƙin mai. Wasu injuna suna yanke wuta da kansu idan baƙin mai ya ragu.

2. Kwance buji. In bakinsa ya yi baƙi, goge shi da burushin ƙarfe. A yawancin ƙananan injuna, tazarar bakin milimita 0,7 ce zuwa 0,8.

3. Sa masa hularsa, ka jingina shi da ƙarfen inji, nesa da raminsa, ka ja igiya. Shuɗiyar wuta alamar lafiya ce. Kada ka riƙe shi da hannu, kada a gwada kusa da fetur.

4. In babu wuta, gwada sabon buji. In har yanzu shiru, bi wayar makunni. Idan fatarta ta saluɓe ta taɓa ƙarfe, nan wutar ke zurarewa. Naɗe wurin da baƙin salatif.

In duk wannan bai yi ba, sai a nemi bakanike. Ɗan'uwa, kafin dashe ka tanadi buji guda a gida.