Jarin Damina: Ina Manomin Arewacin Zamfara Zai Samu Tallafin Da Babu Riba?

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, tambaya ɗaya ce ke yawaita a zaurukan malamai daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi: ga gona, ga ƙarfin noma, amma babu kuɗin taki da iri. Shin ya halatta a karɓi rancen da za a biya da ƙari?

Wannan yanki ba baƙo ba ne a harkar noma. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, ana lodin gyaɗa da auduga zuwa kudu, kuma kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta daɗe tana tara fatake har daga Nijar. Sai ga shi matsalar 'yan bindiga ta raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa, wasu ƙauyukan ma sai sun biya haraji kafin a bar su su girbe. Rufe kasuwannin mako da katse layukan waya a Satumbar 2021 ya ƙara nuna mana yadda rayuwar manomi ta rataya a kan dillali da direba da ɗan kasuwa.

Hukumomin tallafi kuwa suna nan. Akwai Bankin Manoma mai hedikwata a Kaduna, da NIRSAL mai tsaya wa rancen noma, da malaman gona na jiha, da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya mai samar da ingantaccen iri, da ƙungiyoyin manoma irin su AFAN da RIFAN. A 2015 an ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, a 2020 kuma Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarinsa marar ruwa. Sai dai mafi yawan waɗannan ƙofofi ba sa buɗewa ga mutum ɗaya. Ƙungiya mai rajista da asusun banki ake nema. Wanda ya rasa ta sai ya koma ga falle, ya ci buhu ɗaya da damina ya biya biyu da kaka, wanda riba ce tsagwaronta.

Alhali Shari'a ta tanadi mafita, wato cinikin salam. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin a kawo shi, bai hana ba, sai ya sharɗanta sanannen awo da sanannen wa'adi. Ke nan ɗan kasuwa zai iya biyan manomi kuɗin buhun gero goma tun da bazara, a ƙayyade nau'i da mudu da ranar miƙawa. Sharaɗi ne a biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, Malikiyya sun yi rangwamen kwana uku, kuma ba a ɗaure cinikin ga amfanin wata gona takamaimiya. Akwai kuma murabaha, inda ƙungiya ko banki marar ruwa irin Jaiz zai sayi taki ya sayar wa manomi bashi a kan farashin da ba ya ƙaruwa.

Saboda haka muna kira ga magidanta su haɗu su yi rajistar ƙungiyoyin gama kai, su nemi tsarin da babu ruwa da bakinsu, su rubuta kowane bashi a gaban shaidu kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umarni. Ɗalibanmu na ilimi su koyi waɗannan babuka na fiƙihu su shiga ƙungiyoyin a matsayin marubuta. Wanda ya karɓi rancen gwamnati ya sani bashi ne a wuyansa, ba ganima ba. Wanda kuma ya ba da bashi ya jinkirta wa manomin da aka kora daga gonarsa, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta tuna cewa mabarta na cikin masu haƙƙin zakka.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.