Gurbin aikatau mai rabuwa a jimlar Jamusanci: wane ɓangare ke motsawa?

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi da Hausa, ya yi karatu da Faransanci, ya saba da jeri ɗaya a jimla: aikau, aikatau, karɓau. Da ya soma Jamusanci sai ya tarar da kalma kamar anrufen «buga waya», wadda ke ɗaya a ƙamus amma ta na rabuwa biyu a jimla:

(1) Ich rufe meinen Bruder heute Abend an.
«Zan buga wa ɗan'uwana waya yau da dare.»

Abin da a kan gaya wa mai koyo shi ne: «ɗafi ya na tafiya ƙarshen jimla». A wannan maƙala za mu nuna cewa ɗafin ba ya zuwa ko'ina. Aikatau mai ɗauke da lokaci ne ke barin gurbinsa, ya bar ɗafin a baya. Wannan fahimta ta na mai da ƙa'idoji da yawa su zama ɗaya.

2. Misalai

(2) Ich will meinen Bruder anrufen. «Ina son in buga wa ɗan'uwana waya.»
(3) Ich habe meinen Bruder angerufen. «Na buga wa ɗan'uwana waya.»
(4) ..., weil ich meinen Bruder anrufe. «... domin ina buga wa ɗan'uwana waya.»
(5) Rufst du deinen Bruder an? «Za ka buga wa ɗan'uwanka waya?»
(6) Ich habe vergessen, meinen Bruder anzurufen. «Na manta in buga wa ɗan'uwana waya.»

A dukkan jimlolin an ya na wuri ɗaya, wato bayan karɓau. Wanda ke sauya wuri shi ne rufen: ya na manne da an a (2), (3), (4) da (6), ya na gurbi na biyu a (1), ya na gurbi na farko a (5). A lura kuma da ge da zu, waɗanda ke shiga tsakanin ɓangarorin biyu a (3) da (6).

3. Baka biyu na jimla

Erich Drach, a 1937, ya fasalta jimlar Jamusanci a matsayin jerin filaye. Masu nahawu na baya su ka faɗaɗa tsarin, su ka sa wa ginshiƙinsa suna Satzklammer, abin da za mu kira baka biyu na jimla. Bakar hagu da bakar dama su na rungume da filin tsakiya, inda karɓau da bayanau ke zama. Tun daga aikin Manfred Bierwisch na 1963, masu nazarin ginin jimla da dama su na ɗaukar bakar dama a matsayin gidan aikatau na asali. Ƙa'idar ita ce:

(a) A ganga dogarau, mahaɗi (weil, dass, wenn) ya cika bakar hagu, don haka aikatau ya zauna a dama a haɗe, kamar a (4).
(b) A ganga tsayayya, kalmar da ke ɗauke da lokaci ta hau bakar hagu. In akwai mataimaki (will, habe), shi ne ke hawa. In babu, rufen ya hau shi kaɗai, kamar a (1).

Gaban bakar hagu yanki ɗaya kawai ke shiga. Idan bayanau ya rigaya ya shiga, dole aikau ya koma bayan aikatau:

(7) Heute Abend rufe ich meinen Bruder an.

Mai bin tsarin Hausa ko Faransanci zai ce *Heute Abend ich rufe..., kuma wannan kuskure ne.

Ƙa'idar «ƙarshen jimla» ta na da wani rauni: bakar dama ba kullum ba ce kalmar ƙarshe. Akwai fili a bayanta:

(8) Ich rufe den Mann an, der gestern gekommen ist. «Ina buga wa mutumin da ya zo jiya waya.»
(9) Er steht früher auf als sein Bruder. «Ya na riga ɗan'uwansa tashi.»

4. Gane mai rabuwa

Alamar ta na cikin furuci. Ɗafi mai rabuwa shi ke ɗaukar ƙarfin murya (accent tonique): ÁNrufen, ÁUFstehen. Ɗafa-goshi irin su be-, emp-, ent-, er-, ge-, ver-, zer- ba su ɗaukar ƙarfin murya kuma ba su rabuwa: Ich verstehe dich «ina fahimtarka». Wasu, kamar durch-, über-, um- da unter-, su na bin hanya biyu, kowace da ma'anarta:

(10) Er fährt das Schild um. «Ya na banke allon hanya da mota.»
(11) Er umfährt das Schild. «Ya na kewaye allon hanya da mota.»

Rubutu ba abin dogaro ba ne a nan. Gyaran ƙa'idojin rubutu na 1996 ya mai da radfahren «tuƙa keke» kalma biyu, Rad fahren, amma jerin jimla bai sauya ba: Ich fahre gern Rad.

5. Abin da Hausa ke bayarwa

Mai jin Hausa ba baƙon baka biyu ba ne. Korewa da ba ... ba ta na rungume aikatau da karɓau da bayanau: Audu bai buga wa ɗan'uwansa waya jiya da dare ba. Faransanci ne ... pas galibi aikatau mai lokaci da wakilan sunan da ke manne da shi ne kawai ke tsakaninsu, don haka misalin Hausa ya fi kusa. Sai dai kamancin ya na da iyaka. A Hausa ba na farko ya riga ya sanar da korewa, na biyu rufewa kawai ya ke yi. A Jamusanci ɗafin ya na iya juya ma'ana gaba ɗaya: Sie macht die Tür auf «ta na buɗe ƙofa», Sie macht die Tür zu «ta na rufe ƙofa». Haka hören «ji» da aufhören «daina», fangen «kama» da anfangen «fara». Mai sauraro ko tafinta ba shi da tabbas sai ya ji bakar dama.

Taimako na biyu ya shafi ma'ana. Aikatau giredi na 6, a tsarin F. W. Parsons na 1960, ya na nuna motsi zuwa wurin mai magana, kuma wannan shi ne aikin her-, kishiyar hin-: Er kam heraus «ya fito», Er ging hinaus «ya fita». Faransanci sortir ya ke faɗa a duka biyun. Bayyana wannan bambanci da Hausa ya fi sauƙi.

6. Darasi ga koyarwa

Binciken ZISA, wanda Clahsen, Meisel da Pienemann su ka wallafa a 1983, ya duba yadda ma'aikata baƙi masu halsunan Italiya, Sifen da Fotigal ke koyon Jamusanci. An gano matakai biyar a jere: jerin aikau, aikatau, karɓau, sa bayanau a gaba, raba aikatau, mai da aikau bayan aikatau, aikatau a ƙarshen ganga dogarau. Jimloli irin (1), (2) da (3) duk a mataki ɗaya su ke, abin da ke goyon bayan cewa ƙa'ida ɗaya ce. Amma (4), wadda ta fi nuna tsarin asali, ita ce ta ƙarshen samuwa. Halsunan waɗancan ma'aikata su na da jeri irin na Hausa da Faransanci, don haka darasin ya shafi ɗalibanmu.

Shawararmu uku ce. A fara da (2), inda a ke ganin baka biyu kuma anrufen na haɗe, sannan a cire mataimaki a nuna yadda rufen ke hawa. A riƙa rubuta jimloli a allo cikin filayensu, ta yadda ɗafi zai tsaya a layi ɗaya daga sama har ƙasa. A kuma haddace kowane aikatau da siffofi uku, da babbar murya: anrufen, ruft an, hat angerufen.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa gurbin ɗafi tsayayye ne, kuma aikatau mai lokaci ne ke motsawa. Abin da ya rage shi ne a gwada a aji ko bayani ta hanyar ba ... ba ya na rage kuskuren manta ɗafi a rubutun ɗalibai masu jin Hausa.