Bhand Pather: Wasan da Talakawan Kashmir Suke Faɗa wa Mahukunta Gaskiya da Shi

A mumbarinmu ba kasafai ake ambaton Kashmir ba sai tare da jini da hawaye, saboda rikicin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanin Indiya da Pakistan tun 1947. Sai dai Musulmin wannan kwari suna da wata tsohuwar al'ada da ta cancanci mai karatu ya san ta, wato wasan kwaikwayon gargajiya da suke kira Bhand Pather. "Bhand" su ne 'yan wasan, waɗanda galibi gadon sana'ar suke yi daga iyaye da kakanni, "Pather" kuwa shi ne wasan kansa.

Ba a gina masa dandali. A fili ake yin sa, a tsakiyar ƙauye ko a harabar hubbaren wani waliyyi lokacin bikinsa na shekara. Ana kiran jama'a da ganguna da wani abin busa mai suna surnai, ɗan'uwan algaitarmu a ƙira da amo. Jagoran ayarin shi ake kira Magun, amma wanda idon kowa yake kansa shi ne Maskhara, wato wawan wasa. Akwai kuma bulala mai ƙara da ake kaɗawa, alamar ikon masu mulki.

Wanda bai san tarihin ƙasar ba ba zai gane dalilin bulalar nan ba. Sarki Akbar na daular Mughal ya ci Kashmir a 1586. Afganawa suka karɓa a tsakiyar ƙarni na 18, Sikhawa suka biyo baya a 1819, sannan a 1846 Turawan Ingila suka sayar da ita ga Gulab Singh a yarjejeniyar Amritsar, da mutanenta da gonakinta, kamar ana cinikin garke. A zamanin zuriyarsa aka tsananta aikin tilas da ake kira begar, inda akan kwashi manoma su yi dakon kaya ta cikin duwatsu zuwa Gilgit, da yawa ba sa dawowa.

A irin wannan hali, wa zai iya buɗe baki? Sai wawa. A cikin wasan, basarake yakan ba da umarni da Farisanci, harshen fada, shi kuwa Maskhara sai ya yi kamar bai fahimta ba, ya murɗe kalmar zuwa wata ta Kashmiranci mai kama da ita a sauti, ya mayar da umarnin abin dariya. Ana tsula masa bulala, jama'a suna shewa, saƙon kuwa ya riga ya isa. Walter Lawrence, Baturen da ya yi aikin tsara harajin ƙasa a can, ya ambaci 'yan wasan a littafinsa na 1895, har ya nuna cewa daga wasanninsu ya fahimci wasu hanyoyin da malaman haraji na ƙauye suke cutar manoma. Kowane azzalumi da nasa rabon: Darza Pather yana zolayar mahukuntan da suka zo daga waje, Angrez Pather kuwa Turawa ya sa a gaba.

A matsayina na ɗalibin shari'a, ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. Maza ne suke fitowa a matsayin mata, alhali hadisin Ibn Abbas a Sahihul Bukhari ya yi kakkausan hani ga namiji ya kwaikwayi mace. Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa sananne ne, haka ma maganar bukukuwan hubbare. Amma asalin wasa a bainar jama'a ba haramun ba ne, domin Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Manzon Allah (SAW), Nana A'isha (RA) tana kallo. Kuma ina ganin rashin adalci ne a yi wa mutanen nan hukunci ba tare da an auna cewa sun ɗauki nauyin faɗa wa azzalumi gaskiya ba, a zamanin da masu ilimi da yawa suka zaɓi yin shiru. Bisa al'ada ma, da addu'ar neman albarkar amfanin gona da zaman lafiya suke rufe wasan.

Da tawayen makamai ya ɓarke a 1989, wasan ya shiga tsaka mai wuya. Wasu ƙungiyoyin 'yan bindiga sun ɗauke shi saɓon Allah, dokar hana fita da sintirin sojoji kuma suka hana taruwa. 'Yan wasa da dama suka koma leburanci da sana'o'in hannu, talabijin kuma ta janye 'yan kallon da suka rage. Duk da haka, iyalai a ƙauyukan Akingam da Wathoora sun riƙe gadonsu. Daga baya daraktan wasan kwaikwayo M. K. Raina ya yi aiki da 'yan Akingam, suka mayar da labarin Sarki Lear na Shakespeare zuwa salonsu da sunan Badshah Pather, labarin tsohon sarkin da ya raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa, ta wargaje a kan idonsa.