Sauya furosesar kwamfuta don inganta wasanni: Abin da ya kamata a sani kafin kashe kuɗi

Masu sha'awar wasannin kwamfuta kan yi ƙorafin cewa hoto na sarƙewa a daidai lokacin da fafatawa ta yi zafi. Abin da yakan fara zuwa musu a rai shi ne sayen sabuwar furosesa, wato ɗan guntun da ke aiki a matsayin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wani lokaci hakan kan magance matsalar, wani lokaci kuwa kuɗin ya tafi a banza.

Wa ke jan ƙafa?

A cikin wasa, aiki ya kasu tsakanin furosesa da katin hoto. Furosesa ce ke lissafa motsin 'yan wasa da dokokin wasan da umarnin da ke fitowa daga hannun mai bugawa, sannan ta miƙa wa katin hoto ya zana abin da ake gani. Idan ana son hotuna 60 a kowace daƙiƙa, dole a kammala kowane hoto cikin kusan milidaƙiƙa 17. Idan 144 ake so, lokacin ya ragu zuwa kusan 7. Duk wanda ya makara a cikin biyun, shi ne ke riƙe ɗan'uwansa.

Ana iya gane mai jan ƙafar ta hanyar buɗe Task Manager a Windows yayin da wasa ke gudana. Idan katin hoto na aiki kusan kashi 100 cikin 100, sabuwar furosesa ba za ta ƙara wani abin kirki ba. Idan kuwa katin na hutawa alhali wasan na tangarɗa, akwai alamar furosesar ta gaza. Wata dabara ita ce a rage ingancin hoto a saitin wasan: in saurin bai ƙaru ba, to ba katin ne matsalar ba.

Wasannin gasa irin su Counter-Strike 2 da Valorant sun fi jin canjin furosesa, musamman a ƙudurin 1080p. Wasa mai nauyin zane a allon 4K kuwa ya fi dogara ga katin hoto.

Ba kowace furosesa ke shiga kowane gurbi ba

Furosesa na zama ne a wani gurbi da ake kira soket a kan babban allon kwamfuta, kuma kowane kamfani da nasa. Soket ɗin AM4 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2016, ya ɗauki zubi da dama na furosesocin Ryzen har zuwa jerin 5000. Wannan ya sa mai tsohon allon AM4 kan iya ɗora Ryzen 7 5800X3D, wadda ta fito a 2022 da ma'ajiyar gaggawa ta megabait 96, ba tare da sauya allo ko RAM ba. Girman ma'ajiyar ne ya sa ta yi fice a wasanni, domin furosesar ba ta yawan jiran bayanai daga RAM.

Soket ɗin AM5 da ya biyo baya a 2022 ba ya karɓar RAM sai nau'in DDR5. A ɓangaren Intel, LGA1700 na ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14, amma jerin Core Ultra 200S na bukatar LGA1851. Ma'ana, tsallakawa zuwa sabon soket na nufin sayen sabon allo, sau da yawa har da sabuwar RAM. Kafin a biya ko kwabo, wajibi ne a duba jerin furosesocin da allon ke karɓa a shafin kamfanin da ya ƙera shi.

Matakan da ba a tsallakewa

Tsohon allo kan bukaci sabunta BIOS kafin ya gane sabuwar furosesa, kuma galibi ana yin hakan ne tun tsohuwar na kai. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya sa allon ya ƙi tashi, saboda haka a Nijeriya bai kamata a fara shi ba sai da UPS ko inbata.

Bayan an kashe kwamfuta an zare wayar wuta, sai a cire fankar sanyaya, a goge tsohon man da ke tsakaninta da furosesa, a daidaita alamar kusurwa uku da ta soket, a ajiye furosesar a hankali ba tare da dannawa ba. Tsinkayen ƙarfen da ke ƙasan furosesar AM4, ko a cikin soket na Intel da AM5, siraran gaske ne. Lanƙwasa ɗaya kan isa ya lalata aiki. Daga nan a shafa sabon mai kaɗan, a mayar da fanka.

Furosesa mai ƙarfi ta fi fitar da zafi, kuma da zarar ta yi zafi fiye da kima takan rage gudu da kanta. Ryzen 7 5800X3D ba ta zuwa da fanka a kwalinta, don haka dole a saka kuɗin fanka a lissafi. Zafin bazara da ƙurar hunturu na ƙara wa wannan batu muhimmanci.

Masu sayen na hannu a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja su nemi a gwada furosesar a gabansu, su tabbatar sunan da kwamfuta ta nuna ya yi daidai da wanda ke rubuce a jikinta.

Akwai kuma batun Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na bukatar aƙalla zubi na 8 na Intel ko jerin Ryzen 2000. Ga mai furosesar da ta girmi waɗannan, sauyin ya wuce batun wasa, ya shafi tsaron kwamfutar baki ɗaya.