3.4 Rabe-raben Tsirran Gyaran Fata: Tsarin Indiya da na Bahaushe

A wannan fasali za a dubi yadda likitancin gargajiya na Indiya, wanda ake kira Ayurbeda, ya karkasa tsirrai, domin a auna shi da abin da aka tarar wajen masu magani a Sakkwato.

Masanan Ayurbeda suna duban abu uku kafin su ba tsiro matsayi. Akwai ɗanɗanonsa, wanda suka kasa shida: zaƙi da tsami da gishiri da yaji da ɗaci da bauri. Sai ɗabi'arsa, wato ko mai zafi ne ko mai sanyi, sannan aikinsa a jiki. Tsohon littafinsu, Charaka Samhita, ya jera rukuni 50 bisa aiki, kowane da tsirrai 10. Cikinsu akwai rukunin gyara launin fata, da na cututtukan fata inda kurkum ya faɗo, da na ƙaiƙayi inda aka sanya dogonyaro.

Shi dogonyaro ya cancanci a tsaya a kansa. Asalinsa ɗan yankin Indiya ne, a zamanin Turawa aka yawaita shuka shi a Sakkwato domin inuwa. Bahaushe bai karanta Charaka ba, amma da ya ɗanɗana ganyen ya ji ɗaci, sai ya haɗa shi da su maɗaci, ya shiga dafa shi ana wanka saboda ƙuraje da ƙaiƙayi. Ke nan ɗanɗano ya kai al'ummun biyu ga hukunci guda. Haka lalle: nan da can mai sanyi ake ɗaukarsa. Zancen zafi da sanyi kuwa ba baƙo ba ne a nan, domin yana cikin littattafan ɗibbu na Musulunci, fannin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ya yi rubutu a kai.

Inda aka rabu shi ne, Ayurbeda tana fara auna ɗabi'ar mai jikin, don haka kurkum mai zafi ba kowace fata ake ba shi ba. Mai magani a kasuwa kuwa galibi sunan cutar yake tambaya, makero ne ko ƙyasfi ko ƙazuwa. A ganin mai wannan bincike, giɓin ya fi fitowa a kayan gyaran amare, inda ake cuɗa kurkum da dilka a shafa wa kowace yarinya, har wasu masu sana'ar kan ƙara man bilicin don fata ta yi saurin haske kafin ranar ɗaurin aure.